Ƙofa Taku Uku Ce

Litinin, 7:15 na safe

Umma ce ta ce in riƙa rubutawa tunda na ƙi yi wa kowa magana. To ga shi ina rubutawa, ko ta daina bina da wannan kallon nata.

Yau sati shida da ranar nan. Ba zan rubuta abin da ya faru ba, ina wurin, ba sai takarda ta tuna min ba. Baba yana gida, shi ne magana. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa, inda aka ajiye shi nan yake wuni. Magana kuwa sai ya ga dama, kalma ɗaya ko biyu, su ma sai ka kasa kunne. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gini, in ya daka wa lebura tsawa daga saman bene har bakin titi ana jinsa.

Likitar gashin ƙashi ta ce lallai ya riƙa aiki da hannun hagu kada shi ma ya kwanta. Ta kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cilla shi ƙarƙashin gado. Ta zuba maɓallai a kwano wai ya tsince, ya yi mata kallon da ta kwashe kayanta da kanta. Abu ɗaya ya karɓa, gem ɗin da muke haɗawa a ofishinmu, wanda na saka masa a waya. Wani mai baro ne yake raba kaya ɗaki-ɗaki a cikin ƙaton gida, da babban yatsa ɗaya ake tuƙa shi. In baron ya bugi gefen ƙofa kaya su zube, ka koma farko. Baba yana mataki na huɗu, wanda ni na gina shi tun daga tushe. Ƙofa tara ce a ciki, jiya ya wuce biyar, har ya ɗago ya kalle ni.

Litinin, 1:40 na rana

An yi taro. Oga ya ce mataki na huɗu ya yi girma, minti tara ake yi kafin a gama shi, masu gwaji suna gajiya su fita. Yana son ya koma shida.

Sarkin Sauri, mai haɗa mana lissafin gem ɗin, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba ya ce, “Aikin minti biyu ne. A zaɓe filin duka, a kama ɗigon kusurwa, a ja ciki. Shi ke nan.”

Na ce ba a isa ba. In ka ja kusurwa komai ne yake tsukewa tare, ɗakuna, lunguna, ƙofofi. Shi kuwa mai baro ba ya cikin ginin, yadda yake haka zai zauna. Ƙofofina taku uku ne a layin awo, za su koma biyu, baron kuma taku ɗaya da rabi ne.

“To ai zai wuce,” in ji shi.

Na ce zai wuce in hannunka ba ya rawa. Suka yi dariya, sun zaci barkwanci nake. Na ce a ba ni sati biyu in rage shi da hannu, lungu-lungu. Oga ya ce zai yi tunani. Na san irin tunanin Oga, a hanyar fita daga ɗakin taro yake mantawa da shi.

Talata, 6:30 na yamma

Ina ƙarama Baba yakan tafi da ni wurin gini ranar da babu makaranta, ya ba ni bakin tef ɗin awo in riƙe. Wani mai gida ya taɓa cewa a rage masa faɗin ƙofa don bulo ya isa. Baba ya ajiye cokalin gini ya ce, “Alhaji, ni ba da mutum nake auna ƙofa ba, da abin da zai ɗauko nake aunawa.” Ya tattara kayansa muka taho. A hanya ya saya min alawa, yana ta faɗa shi kaɗai.

Gidan da muke haya ba shi ya gina ba. Kujerarsa mai taya ba ta shiga banɗaki, firam ɗin ƙofar ne yake tare tayoyin. Ni da Umma muke ɗaga shi, ita dama ni hagu, safe da yamma. Duk lokacin rufe idonsa yake yi har mu gama.

Alhamis, 7:50 na yamma

Jiya ban je ofis ba, asibiti muka wuni.

Yau na dawo na tarar da wayar a kife a kan tabarma. Umma ta ja ni kicin ta ce tun safe yake fama da ƙofar farko, kaya suna zubewa, yana komawa. Ta ƙirga har sau ashirin da wani abu ta daina. Daga baya ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, yana juya shi, sannan ya kife wayar.

Ƙofar farko! Wadda yake wucewa ko kallo bai gama ba. Na ce a raina ko ciwon ne yake son dawowa ta ɗaya ɓangaren. Ban faɗa wa Umma ba. Ita ma na ga alama abin da take tunani ke nan, ta ƙi faɗa min.

Juma’a, 9:20 na safe

Sai yau na buɗe manhajar da muke gina gem na ga matakina kamar rigar da aka wanke ta ɗage. Sarkin Sauri ya ja kusurwa ranar Laraba, da ba na nan. Oga ne ya ce ya ja.

Kuma duk gyaran da aka yi, da kansa yake sauka a wayoyin masu gwaji. Wayar Baba tana cikin jerin. Ni na saka ta da hannuna, ban gaya wa kowa ba, na kuma manta cewa haka abin yake tafiya.

Ashe hannunsa lafiya lau. Mu ne muka tsuke masa ƙofa yana barci.

Na shiga banɗakin ofis na kunna famfo na yi kukana, na wanke fuska na fito. Sarkin Sauri ya ce, “Injiniya, kin ga aiki? Minti shida cif.” Na wuce shi na zauna, don in na buɗe baki sai an kira mai gadi.

Juma’a, 6:45 na yamma

Na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, ba hannunka ba ne. A ofis aka rage ƙofar. Wallahi rage ta aka yi.”

Ya kalle ni ya yi ɗan murmushin nan na gefe ɗaya, ya shafa min kai. Ya ce, “Na gode.”

Bai yarda ba. Kuma don me zai yarda? Sati shida duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ce, “Kai, jiki ya yi kyau, Malam!” alhali yana ganin kansa a madubi. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Yau da na zo da gaskiya ya saka ta a layin sauran. Na ɗauko kwamfuta zan nuna masa, ya juya fuskarsa bango.

Asabar, 11:00 na safe

Bai taɓa wayar ba.

Lahadi, 4:30 na yamma

Bai taɓa wayar ba. Cokali ma yau Umma ce ta riƙe masa, shi da ya fara ci da kansa.

Litinin, 12:10 na rana

Na shiga ofishin Oga ban ƙwanƙwasa ba. Sarkin Sauri yana ciki suna shan shayi. Na ce a mayar min da matakina yadda yake.

Oga ya ce, “Ai ni na fi son sa haka. Ƙofofin sun ƙara wuya, akwai ɗan gumi a ciki.”

Na ajiye masa wayar gwaji na ce, “Yallaɓai, zauna a kan hannunka na dama.”

“In yi me?”

“Ka zauna a kansa. Ka buga da hagu.”

Ya kalli Sarkin Sauri, ya yi dariya, ya zauna a kai. Kaya suka zube a ƙofar farko. Suka sake zubewa. A karo na shida ya fara cije leɓe, a na bakwai ya zaro hannun daman ya ce wannan ai ba adalci ba ne.

Na ce, “Haka ne, yallaɓai, ba adalci ba ne.”

Ya ce masu sayen gem ɗinmu hannu biyu gare su. Na ce ya ƙirga su ne? Akwai mai goyo a hannu ɗaya, akwai mai riƙe da ƙarfen mota a tsaye, akwai tsoho, akwai wanda hannunsa yake rawa. Na tsaya a nan. Ban ce Baba ba. Ba zan ɗauko mahaifina in shimfiɗa a teburin Oga don a tausaya min a ba ni taku ɗaya ba. Ƙofa taku uku ce ko da ba ni da uba a duniya.

Ya ɓata rai sosai, ya ce ba ya son a riƙa shigo masa haka. Ya ba ni zuwa Juma’ar sama. In na kawo shi minti shida da ƙofofina, to. In ban kawo ba na Sarkin Sauri ne zai fita, kuma kada in sake tayar da maganar. Kafin nan abin da ke wayoyin gwaji yana nan yadda yake.

Na ce na ji.

Laraba, 3:00 na rana

Ga yadda ake yi in ba ragwanci za a yi ba. Ka kulle faɗin lungu, ka kama bangon ƙarshe shi kaɗai, ka turo shi ciki. Sai ka bi duk abin da bangon ya haɗiye, fitila, tulu, taga, ka ciro su ɗaya bayan ɗaya ka sake musu wuri. Sai ka buga daga farko ka duba agogo. Lungu goma sha ɗaya ne.

Na dawo takwas da daƙiƙa ashirin. Wuyana kamar an ɗora min bulo.

Alhamis, 7:05 na safe

Likitar gashin ƙashi ta zo jiya, ya ƙi buɗe mata hannun. Ta ce min a bakin ƙofa, in ya ƙara sati biyu a haka za mu koma baya sosai. Na ce ba za mu koma ba. Ta ce Allah ya sa. Na ce ba za mu koma ba.

Asabar, 10:30 na safe

Kwana tara bai taɓa wayar ba. Na yi mata caji duk da haka.

Litinin, 2:15 na rana

Na rushe ɗakin ajiya. Na rushe ɗakin tsuntsaye da na yi sati guda ina jera kejinsa. Na haɗe falo biyu suka zama ɗaya. Bakwai da daƙiƙa takwas.

Sarkin Sauri ya tsaya a bayana da kofinsa ya ce, “Wai ke me ƙofofin nan suka ba ki ne? Rage biyu kawai, na tsakiya, ba wanda zai lura.”

Na ce akwai wanda zai lura.

Ya kurɓi shayinsa. Ya ce, “Akwai wata lamba a jerin masu gwaji da ban san mai ita ba. Kullum ƙarfe goma na safe take shiga mataki na huɗu, ta yi awa biyu. Tun ranar Alhamis ɗin can ba ta sake shiga ba.”

Na ce masa ya je ya sha shayinsa kafin ya huce. Ya tafi. Bai kai wa Oga ba, wannan kam na ba shi.

Laraba, 5:20 na yamma

Saura lambun.

Bayan ƙofa ta tara akwai lambu, shi ne ladan wanda ya gama. Wata biyu na yi a kansa. Bishiyoyin lemo, ƙorama, benci, mai baro ya ajiye baronsa ya ratsa a hankali. Minti ɗaya cur ake yi a ciki. Na sha gaya wa Baba, “Ka dai kai ta tara ka ga abin da na ajiye maka.” Bai taɓa ganinsa ba.

Na zagaya ko’ina ina neman inda zan samo minti ɗayan nan, babu. Ko lambun, ko in taɓa ƙofofi in matso da ɗakuna.

Na zaɓe lambun duka, na kama ɗigon kusurwa, ni da bakina da na ce ba a isa ba, na ja. Na yi ta ja har ya koma girman tukunyar fure, na ɗora shi a kan taga kusa da ƙofar ƙarshe. In ka matso da ido za ka ga ’yan bishiyoyin da ƙoramar a ciki. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Shida da daƙiƙa takwas.

Juma’a, 11:45 na safe

Oga ya ce shida ya ce, ba shida da takwas ba.

Na ce daƙiƙa takwas ɗin nan a ƙofofi suke, kuma ba zan taɓa su ba. In zai fitar da na Sarkin Sauri ya fitar, amma ya cire sunana daga kai.

Sarkin Sauri ya ce, “Yallaɓai, nata ya fi nawa. Na buga duka biyun.” Ya faɗa yana kallon silin kamar wanda ake cire wa haƙori.

Oga ya daɗe yana juya biro. Ya ce a saka nawa. Sannan ya ce mataki na biyar da aka yi min alkawari Sarkin Sauri ne zai gina, ni in koma gyaran ƙananan kurakurai har in koyi yadda ake magana da na gaba. Shekara guda ina zana na biyar a littafina. Na ce to, na gode. Na fito na tura gyaran da hannuna, na tsaya har na ga ya sauka a lambar nan da ba a san mai ita ba.

Juma’a, 7:30 na yamma

Na ce, “Baba, an gyara ƙofar, gwada ka gani.” Ya ce, “Bari.” Ya rufe ido.

Sati biyu na aiki, da lambuna, da mataki na biyar, mutumin ya ce bari. Na fita tsakar gida na zauna a kan bokiti. Umma ta biyo ni tana goge hannu ta ce, “Ke ma dai da abinki. Shekara talatin da takwas ina tare da mahaifinki, ban taɓa ganin ya yarda da bakin mutum a kan awo ba. Ko ni na ce masa labule ya yi gajere sai ya ɗauko tef.”

Na kalle ta. Ta ce, “Jakar kayan aikinsa tana bayan kwaba.”

Asabar, 10:10 na safe

Na ajiye kwamfutar a kan teburin cin abincinsa, na buɗe ƙofar farko gida biyu, ta Sarkin Sauri a hagu, tawa a dama, kowace da baro a bakinta. Ban ce ya kalla ba. Na ɗora tef ɗinsa a kan cinyarsa, tsohon nan mai fatar da ta yi baƙi, na koma gefe ina ninke wanki.

Ya yi minti biyar bai motsa ba. Sai na ji ƙarar tef.

Da hagu ya ja, bakin yana kuɓuce masa. Ya ce, “Riƙe.” Na riƙe bakin a jikin gilashin kamar ina shekara bakwai. Ya auna baron hagu, ya auna na dama, daidai suke. Ya auna ƙofar dama. Ya auna ta hagu. Ya sake aunawa, don shi bai taɓa auna abu sau ɗaya ba. Na ga jijiyar goshinsa ta tashi, wadda leburori suke gani su watse.

Ya ce, “Wa... ya yi... wannan?”

Na ce, “Wani ne a ofis, Baba.”

“Ba magini ba ne.”

“A’a, ba magini ba ne.”

“A kore shi.”

Umma ta fashe da dariya a bakin ƙofa har da riƙe ciki, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Kalma goma sha ɗaya na ƙirga, rabon da ya jera haka tun ranar nan. Ya miƙo hannu ya ce, “Waya.”

Lahadi, 12:30 na rana

Jiya ƙofa huɗu ya wuce, hannun ya yi tsami da zama. Yau bakwai. Da kansa ya ci abinci, ya ɓata riga, ba wanda ya isa ya taya shi.

Na ce masa lambun da na yi masa alkawari ya koma tukunyar fure. Ya ɗaga kafaɗa ɗaya. Ina jin bai taɓa damuwa da lambun ba, ni ce dai.

Lahadi, 4:00 na yamma

Da muka zo ɗaga shi ya ce, “Tsaya.” Bai rufe ido ba. Tef ɗin yana aljihunsa tun jiya. Ya sa na riƙe, ya auna kujerar daga taya zuwa taya, ya auna ƙofar banɗakin, ya auna kaurin firam ɗin. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa yana saurare, ya ɗaga kai ya duba saman ƙofar. Ya nuna firam ɗin da gefen filasta na hagu, ya ce, “Nan kawai. Sama, a’a.”

Sannan ya ce, “Guduma.”

Umma ta ce, “Malam, gidan haya ne fa!”

Ko kallonta bai yi ba. Ni yake kallo. Na je bayan kwaba na ɗauko.

Ban iya ba, na faɗa tun yanzu. Sau biyu ya ce “A’a!” da ƙarfin da maƙwabta suka leƙo. Na fasa farce ɗaya.

Litinin, 6:50 na safe

Mai gidan haya ya kira sau huɗu. Zan kira shi in na ga dama, in ce ya zo da tef.

Ƙofar tana jingine a tsakar gida, mun rataya labule a wurin. Ɗazu Baba ya tura tayar da hagu, ya gyara, ya sake turawa, ya shige bai taɓa gefe ba. Ya ja labulen da kansa.

Ni da Umma muka tsaya a waje, ita dama ni hagu, mun rasa inda za mu sa hannuwanmu.